Kati da Gwangwani

Tun hantsi kai na huɗu ke tsakanin gwiwoyina,
ina tsaga da tsinke, ina ja, ina tufka.
Rumfata na Garin Malam, daura da mai niƙa,
in kin ɓace, kowane ɗan kabu-kabu ya san hanya.

Shuku, kalaba, zane, duk a yatsun nan suke kwana.
Dubi yatsun.
Baƙin lalle ya ci rabi, man miƙar da gashi ya ƙarasa,
in na tsoma su a ruwan tulu da asuba
sai in ji kamar na damƙi ƙaya.

Barira ce ta fara faɗuwa,
saura kwana tara Salla, lokacin da kuɗi ke zuwa da ƙafarsu.
Ta duƙa ɗaukar mataji, ƙugu ya ce nan zan tsaya.

Takardar magani guda, jika goma sha bakwai.
Injin busar da gashi ya tafi Kasuwar Dole,
madubi ya bi shi, sannan kujera mai juyawa.
Ta warke, ta tashi a shago wayam,
ba abin da ya rage mata sai tsintsiya.

Ran nan sai ga wani yaro, Lawali Sanda, jaka a hammata,
takalminsa ya fi shi gajiya.
Ya ce, "Mutuwel na kawo muku."
Falmata mai ƙunshi ta saki ƙafar da take zanawa:
"Mutuwar wa? A'uzu billahi! Koma inda ka fito!"
Muka yi ta dariya har ta hannuna ta ce ina ja mata gashi.
Ya ce a'a, asusu ne na taron dangi,
wasu na ce masa inshorar lafiya.

Ki zuba kaɗan tun kina kan ƙafarki,
ranar kwanciya asusu ya ɗauki gefe mai nauyi.
Akwai ta kamfani, in ji shi, amma ta fi son mai albashi.
Na ce nawa albashin a bakin zane yake zuwa, a ƙulle,
rabinsa kuma "sai jibi" ne,
jibin da aka binne tun shekaranjiya.

Na ce zazzaɓi? Ya ce yana ciki.
Haihuwa? Tana ciki.
To yatsun nan fa,
da idon da hayaƙin turare ya dafa, da gadon baya?
Ya buɗe takarda, ya rufe, ya sosa ƙeya,
ya ce zai tambayo.
Wannan ta fi mini zaƙin ƙarya.

Muna da adashe, ba mu raina shi ba,
shi ya saya mini tabarmar da kike kai.
Sai dai adashe layi yake bi, kwasata sai bayan kaka,
shi ko ciwo ba ya aiko yaro kafin ya taso tafiya.

Da dare wuta ta ɗauke, na ƙirga da hasken salula:
kai ɗaya, dala ashirin a gefe.
Goron Inna zai ragu, koko zai sha ruwa.
Na so in fasa. Sai na tuna ƙarar kujerar Barira
sadda ake ɗora ta a amalanke,
ita tana kallon ƙasa don kunya.

Mu bakwai muka je aka ɗauke mu hoto.
Ni da nake gyara kan unguwa
na fito a kati da ɗankwali har gira,
mako biyar ba wanda ya taɓa mini kai.
Katin na nan cikin jakar zare.
Gwangwanin tumatir ɗin can kuwa na yatsu ne,
tunda Lawali bai dawo da amsa ba tukuna,
kullum ina jefa masa ƙwandala ɗaya.

Ke kuma daina motsi, layi biyu ya rage.
Sunkuya.